Yadda Hajiya Ta Jera Turanci Kamar Atamfa

Shekarun baya, lokacin da 'yarmu ta fari ko zama ba ta fara ba, na kawo mahaifiyata, Hajiya, Amurka ta ga jika, ta kuma taya matata jego. A Wheaton muke a lokacin, a wani bene da in maƙwabcinmu ya soya albasa sai mu ma mu ƙoshi. Matata haifaffiyar Maryland ce, iyayenta 'yan Ibadan, Hausarta kuwa ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba. Hajiya kuma Turancinta bai wuce na ciniki ba, nawa ne, a rage, ba na sayarwa. Ni ne tafintan gidan, ba albashi ba hutu. In na dawo daga aiki a Alexandria, tun ban cire takalmi ba kowacce za ta taso da maganar da ta tara min tun safe.

Sai na faɗa muku wani abu kafin labarin ya zauna. Ni ne ɗanta na fari, kuma wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san abin da hakan ke nufi. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakin Hajiya ba. "Kai" ne sunana, in kuma da wani take magana, "yaron nan". Ba ta yabona, ba ta doguwar hira da ni. In na yi abin kirki, iyakarta ta ƙara min tsokar nama a miya, ta kau da kai. Matata ta daɗe tana zaton faɗa muke yi, sai da na yi ta mata bayani cewa kunya ce, haka aka saba.

Bayan suna da 'yan makonni na lura Hajiya ba daidai take ba. Abinci sai ta tsattsakura ta ture. In ta idar da sallah sai ta daɗe a zaune kafin ta miƙe, hannu a mara. Na matsa har ta yarda muka je asibiti. Likitar mace ce, Ba'indiya, mai haƙuri. Duk abin da ta tambaya na fassara, amsar Hajiya ɗaya ce, idonta a ƙasa: "Ɗan ciwon baya ne, na tsufa." Likitar ta dube ni, ta dube ta, sai ta ce in ɗan ba su wuri, za ta kira tafinta ta waya. Na fita ina murna, na ce yau dai za a ji gaskiya.

Ina! Ko zama ban gyara ba sai ga Hajiya ta fito, fuska a murtuke. Muna shiga mota ta juyo kaina.

"Kai, ka san wa suka kira min?"

"Wa, Hajiya?"

"Mai karanta labaran safe! Mutumin nan da ya zo suna, ya ci waina har ya nemi ƙari. Yana yin sallama na gane shi."

Ashe bawan Allah yana taɓa aikin tafinta ne bayan ya tashi daga gidan rediyo. Na ce mata mutumin kirki ne, kuma aikin nan da rantsuwa ake yinsa, ko matarsa ba zai faɗa wa ba.

"Muryar da nake ji tun ina Kaduna ina shara, ita zan faɗa wa damuwata? Allah ya sawwaƙe."

"To a nemo mace."

"Matan Hausawa nawa ne a garin nan? Wacce ce ban ci tuwonta ba?"

Gaskiyarta ce. Likitar ta rubuta maganin ciwon baya, ta ce mu dawo bayan wata biyu.

A makon ne ƙanwar Hajiya, wadda muke kira Inna, ta kira ni daga Kaduna. Bayan gaisuwa ta ce, "Ɗana, ka buɗe kunnenka. Ciwon Yaya ba na baya ba ne, ciwon mata ne, tun kafin ta taho take fama. Ni ma ba ta buɗe min duka ba. A gabanka kuwa, ko za ta mutu ba za ta faɗa ba." Na ajiye wayar. Ga asibiti, ga likita, ga magani, amma babu bakin da zai kai maganar.

Ina cikin wannan zullumi, wata safiyar Lahadi, Hajiya tana goye da jaririya tana kallon taga, sai na ji ta ce, kamar da bango take magana, "Turancin nan, wuya gare shi ne?"

"Ba wuya, Hajiya."

"To a koya min. Ni zan yi magana da likitar nan da bakina."

Jama'a, ban san lokacin da na miƙe tsaye ba! Ranar na sayo katuna, na sa mata manhaja a waya, na kuma rubuta sunanta a ajin Turanci na manya da ake yi kyauta a laburaren unguwarmu. Na zama malam, har da gyaran murya. Kowace safiya kafin in fita in kama jirgin ƙasa zuwa aiki sai in ba ta kalmomi, ɗaya bayan ɗaya, ta maimaita har su zauna. In na dawo da yamma in tambaya, babu ko ɗaya. Sun bi iska. Washegari mu sake, jibi mu sake. Hajiya da ta yi shekaru tana riƙe farashin shago guda a ka, sai ga shi kalma ɗaya ta gagare ta kwana.

Ran nan ta ture katunan ta ce, "Kan nan ya zama rariya. A nema min jirgi in koma ɗakina. Abin da Allah ya rubuta shi zai faru." Na san Hajiya, in ta faɗi magana sau biyu to ta zama doka. Na tsorata ƙwarai, don na san in ta koma ba asibitin da za ta je.

Ranar Asabar muka je shagon wata 'yar Sanigal a nan Wheaton sayen doya da daddawa. A bayan shagon akwai atamfofi. Matata ta ɗauko wani turmi mai ruwan ganye tana ta sha'awa, mai shago ta ce holan ce. Hajiya kuwa atamfa ta sayar a babbar kasuwar Kaduna tun ina goye. Ta karɓi turmin. Sai ta miƙa hannu can sama ta zaro wani mai kama da shi, ta ɗora bakin wannan a kan bakin wancan. Ta kamo hannun matata ta shafa mata na farko, ta shafa mata na biyu. Ta juya bayansu duka biyun, ɗaya launinsa ya ratsa har baya, ɗayan ya koɗe. Matata ta saki ihu, ta gane! Ba Hausa, ba Turanci, ba tafinta. Mai shago ma dariya ta kama yi, ta ɗaga hannu sama alamar an kama ta.

Na ce, "Hajiya, me ya sa sai da kika ɗauko na biyu?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta me ya sa ake sa gishiri a miya. "Wa ke gane atamfa ita kaɗai? Ko ni in ka miƙo min turmi ɗaya sai in yi shakka. Sai ka ɗora ta kan 'yar'uwarta ka ga inda suka rabu."

Wallahi doyar da ke hannuna faɗuwa ta yi a kan ƙafata, ban ko ji zafi ba. Na ce, "Shi ke nan! Turmi ɗaya-ɗaya nake ta miƙa miki!" Na kama tsalle a tsakiyar shago, ƙato da ni, da gemu. Hajiya ta juya wajen matata ta ce, "Yaron nan lafiyarsa kuwa?" Matata ba ta ji ba, amma ta girgiza kai, alamar ita ma ba ta da tabbas.

Muna isa gida na ɗauko allura da muciya. Na tsira wa kaina allura a hannu na ce, "Sharp." Na danna muciya a cinyata na ce, "Dull." Na sake, allura, muciya. Hajiya ta gyara zama.

"Wannan suka ne," in ji ta, "wancan kuwa mai nauyi ne, mai dannawa. Duka ciwo ne, amma ba gidansu ɗaya ba."

"Yauwa, Hajiya! Yauwa!"

"To ka daina tsira wa kanka allura, na gane."

Na ƙi dainawa, daɗi ya ɗebe ni. Na shafa barkono a leɓe na ce, "Burn," na sosa wuya kamar mai ƙazwa na ce, "Itch." Na yi ta juyi a tsakar falo har na faɗa kan kujera na ce, "Dizzy," sannan na miƙe ina jan ƙafa kamar mai azumi da la'asar na ce, "Weak." Hajiya ta ce jiri da kasala ke nan. Matata tana bakin kicin ta riƙe ciki don dariya, jaririya ta farka ta shiga yi mana kuka.

Washegari da safe na fito da fargaba. Ban ma tambaya ba, Hajiya ta ɗaga allurar daga kan tebur ta ce, "Sharp." Ta nuna muciya da haɓa ta ce, "Dull." Suna nan! Sun kwana! Na ce yaya aka yi? Ta ce, "Da na nemi ɗaya na rasa, sai 'yar'uwarta ta jawo min ita." Ranar a cikin jirgi ni kaɗai nake ta murmushi, har wata tsohuwa da ke kusa da ni ta canza wuri.

Daga nan gidan ya zama kasuwa. Hajiya ba ta ƙara karɓar kalma ita kaɗai ba. Ka ba ta ɗaya, sai ta ce, "Ina 'yar'uwarta?" Ka kawo, sai ta ce, "To ina suka rabu?" Sau da yawa tambayar nan ta biyu ni kaina sai ta ɗaure ni. Na yi shekaru ina Turanci a ofis, amma da ta ce in raba mata "pain" da "ache" sai da na kira matata. Ita ta nuna mata da hannu, ta buga yatsa a bakin tebur, ta yarfe shi, ga na farko. Sannan ta dafa ƙugu tana nishi kamar wadda ta wuni tana wanki, ga na biyu. Hajiya ta ce, "Oho, zogi da tsamin jiki." Tun daga ranar ta fi son karatu a wajen surukarta, ni aka mayar da ni mai ɗauko kayan aiki.

Har aji ta kai abin. Malamarsu, wata dattijuwar Baturiya, ta tare ni a ƙofar laburare tana dariya, ta ce mahaifiyarka ta hana ni sakat, kowace kalma na rubuta a allo sai ta ɗaga yatsu biyu. Yanzu duk ajin, da Habashawa da 'yan Salbado, kowa yatsu biyu yake ɗaga min.

Sai kuma Hajiya ta samo wani salo da ya addabi kowa a gidan. Ba ta da dogon Turanci, don haka sai ta ture kalma ɗaya ta ajiye 'yar'uwarta. Matata ta kawo mata shayi ta ce da zafi, Hajiya ta kurɓa ta ce, "Not hot. Warm." Wato ɗumi ne kawai. Wata Asabar ina kwance a kujera, kwanuka jibge a kicin, matata ta ce a ƙyale ni na gaji. Hajiya ta leƙo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Not tired. Lazy." Ba gajiya ba ce, lalaci ne. Ni da na kawo dabarar, a kaina aka fara gwada ta! Matata ta yi dariya har da hawaye, ni kuwa na tashi na wanke kwanukan, raina fes.

Amma duk wannan raha, ainihin maganar ba a taɓa ta ba, kuma kwanaki suna tafiya. Zanin Hajiya kullum sai ta ƙara masa ɗauri. Ni dai ba ni da bakin tambaya.

Wata Lahadi bayan azahar ta ce, "Kai, ba ka da wajen zuwa ne?" Na gane. Na sa jaririya a kekenta muka fita, na yi ta zagaye unguwa har ƙafata ta gaji. Da na dawo gidan tsit. A kan teburin cin abinci na ga jarkar zoɓon da Hajiya ta haɗa da safe, da fararen takardun goge hannu guda biyu a jere. Ɗaya an ɗiga mata zoɓo ɗis-ɗis. Ɗayar an tuttula mata har ta jiƙe jagab. An ture mai ɗigon gefe, an bar jiƙaƙƙiyar a tsakiya.

Ba wanda ya yi min bayani, ban kuma nema ba. Na gane zoɓon nan jini yake nufi, kuma jiƙaƙƙiyar Hajiya ta zaɓa. Matata ta fito daga ɗakin Hajiya idonta jawur, ta tattare takardun ta zuba a shara, ta ce min, "Maganar mata ce. Gobe da sassafe zan kira asibiti, ba za mu jira wata biyun nan ba." Haka kuwa aka yi, a cikin makon suka ba mu rana.

Ranar Hajiya ta sa leshinta mai kyau kamar za ta biki. A mota ina jin ta a baya tana ta jera kalmominta ƙasa-ƙasa, biyu-biyu. Da aka kira ta na miƙe, sai ta ce, "Zauna." Ta kama hannun matata suka shiga. Na zauna ina kallon ƙofa. Wancan karon ko zama ban gyara ba ta fito, wannan karon kuwa har na gaji da duba agogo. Tun da nake ban taɓa jin daɗin jira irin na ranar ba, don na san duk daɗewar nan magana ake yi.

Daga baya matata ta ba ni iya abin da aka yarda in ji. Ta ce likitar ta tambaya ko ciwon suka ne, sai Hajiya ta ɗaga yatsa ta ce, "Not sharp. Dull." Ta nuna wurin, ta faɗi tun yaushe, ta faɗi sauran da bakinta, ɗaya bayan ɗaya, tana ture wannan tana ajiye wancan. Likitar ta ajiye abin rubutunta, ta jawo kujera kusa da ita. A ranar aka fara gwaje-gwaje.

Ƙari aka samu a mahaifa, irin wanda ba a wasa da shi, amma bai yi nisa ba. Aka yi aiki aka cire. Likitar, da izinin Hajiya, ta ce min da an bar shi zuwa baɗi da wani labarin ake yi. Na fita waje na rasa wanda zan runguma, sai na kira Inna a Kaduna. Ta saki guɗa a waya har sai da na janye kunnena.

Ranar sallama wata nas, baƙar Ba'amurkiya mai fara'a, ita ta turo Hajiya a keke zuwa bakin ƙofa. Tana tafe tana zuba, ta ce Mama, ɗan nan naki a kujera ya yi ta kwana tun da aka kawo ki, lallai kina farin ciki da shi. Kalmar da ta faɗa ita ce "happy".

Hajiya ta ɗaga yatsa. "Not happy."

Nas ɗin ta yi turus. Ni kuwa na sunkuyar da kai, na ce shi ke nan, yau a gaban mutane za a sake ce min malalaci.

"Proud," in ji Hajiya, idonta a kan ƙofa.

Alfahari. Na kusa shekara arba'in a duniya, ranar na fara jin irin wannan daga bakinta. Na ce bari in je in kawo mota, na yi sauri na bar wurin. A cikin motar na kifa kai a sitiyari na yi kuka sosai, irin na yara, har da majina. Da na kawo motar matata ta raɗa min cewa tun kafin a shiga da ita aiki Hajiya ta tambaye ta, wai ina 'yar'uwar "happy", wadda ake faɗa a kan ɗa.

Mun hau titi ina ta satar kallonta a madubi. Ta kama ni, ta tsuke fuska ta ce, "Kai, kalli gabanka, kada ka zubar da ni da ɗinki a ciki."

Yanzu duk wanda ya ce min ya tsufa da koyon yare, ko ya ce kansa ba ya riƙe kalma, sai in ce masa ya daina ɗaukar su ɗaya-ɗaya. Babba ba yaro ba ne, kansa cike yake da kaya, sabuwar kalma in ta shigo ita kaɗai ba ta samun wurin zama. A kawo ta da mai kama da ita, a tambaya ina suka rabu, a kuma nemo abin da za a taɓa da hannu. Da haka matata ta koyi Hausar da take yi yau, har tana gyara min bambancin ɗumi da zafi. Da haka kuma muke fama da 'yarmu, wadda ake yi wa Hausa ta amsa da Turanci.

Hajiya tana Kaduna, lafiyarta lau, ta koma zama a shago tana hana yaranta sakat. Duk Lahadi muna waya. Ta gaisa da surukarta da suna, ta yi wa jikarta kirari, in aka miƙo min kuma ta ce, "Kai, kana cin abinci kuwa?" Har yau ba ta faɗi sunana ba, kuma abin da ta faɗa a bakin ƙofar asibitin nan ba ta taɓa maimaita shi da Hausa ba. Ni ma ban jira ba. Na riga na ji, kuma na san Hajiya ba ta ɗaukar turmi sai ta gwada shi da ɗan'uwansa.